Bular Inna

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji huɗu, aka zaɓe ni cikin 'yan matan da za su yi macin ɗaya ga Oktoba a Maiyama. Sharaɗin ɗaya ne: farar riga da koren siket, launin tutar ƙasa. Kakata da ta raine ni, wadda nake kira Inna, ita ta wanke rigar. Idonta ya fara rauni, ga son tawa ta fi ta kowa haske, sai ta cika bula. Rigar ta bushe shuɗiya.

A filin, malaminmu ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Ke, fita daga layi, za ki ɓata mana tuta." Bayan wata akori-kura na ɓuya, ina jiyo ganga da tafi har aka tashi.

Inna kuwa tun daga garinmu Mungadi ta biyo ni, ta tsaya cikin rana tana kallo. Da la'asar ta lalubo ni cikin taron. Ta kama hannuna da yatsunta da har lokacin suke shuɗaye, ta ce, "Na gane ki, ɗiyata. Kin hi kowa ɗaga ƙahwa."

Na ce, "I, Inna."

Ta rasu kafin wata daminar. Har yau ban sani ba ko 'yar wasu ta tafa wa, ko rufa mini asiri ta yi. Ni dai ban taɓa sa wa 'ya'yana bula a wanki ba.