Ranar da Mai Burodi Ya Sa Ƙafa a Ƙasa

Tunda ka ce kunyar idon mutane ce ta hana ka ja da baya, gyara zama ka ji wannan. A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani mai burodi. Kullum da sassafe yakan ɗaure akwati a bayan kekensa, ya bi ƙauyukan da mota ba ta shiga, ta kwazazzabai da kan fa da bakin rafi. Shekara da shekaru yana wannan har ya zama abin kwatance. Ana cewa daga ƙofar gidan burodi har ƙauyen ƙarshe ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ka san ɗan Adam da yabo. Maganar ta yi masa daɗi, ya riƙe ta kamar gonar gado. Da wata ƙungiya ta kawo gasar hawan duwatsu da keke, mutanen ƙauyukan nan ne suka ingiza shi, suka ce ai wasa ya zo gidan gwani.

Ranar gasa aka tara sababbin shiga aka faɗa musu doka. Ba tsere ba ne, babu ruwan kowa da wanda ya riga wani. An kewaye wurare da igiya, kowanne da duwatsunsa da kututturansa, mutum ya shiga ta nan ya fita ta can. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, laifi ɗaya. Wanda ya faɗi ko ya ƙetare igiya, laifi biyar nan take. Mai ƙarancin laifi shi ne gwani. Aji kuma uku ne: farin ƙyalle na sababbi, shuɗi na masu ɗan hannu, ja na ƙwararru. Duk wanda bai taɓa shiga ba, komai furfurarsa, fari zai bi. Mai burodi ya dubi 'yan ajinsa, samari ne da ko gemu ba su tara ba, ya haɗiye wannan. Aka matsa birkinsa aka gani, aka kifa masa hular kwano. Da ya ɗaga ido ya ga mutanensa sun yi dafifi a bakin igiya, sai ya gane ba nasara suka zo kallo ba, ƙafar nan suka zo kallo.

Wuraren farko ya wuce su lafiya, alƙalin gasar yana ɗaga dunƙulallen hannu, alamar babu laifi. Ka ɗauka hankalinsa zai kwanta? Ina! Kowace wucewa ƙara masa fargaba take, irin ta mai ɗauke da cikakken tulu a kan santsi. Wuri na ƙarshe wani fa ne mai gangara, rami a gefensa, tayoyin da suka riga suka bi sun bar jiƙaƙƙen yashi a kansa. Saurayin da ke gabansa, wanda tun safe yake tsokanarsa yana cewa yau za a ga wanda ƙafarsa ta fi tsada, shi ya fara hawa. A tsakiyar fan tayarsa ta zame. Da ya sauke ƙafa da shi ke nan, amma ya ƙi, ya yi ta kokawa da keken har suka tafi ramin tare. Alƙali ya buɗe yatsu biyar. Aka fito da yaron yana riƙe da kafaɗa, ana cigiyar mai ɗori.

Mai burodi ya dubi kafaɗar nan, ya tuna akwatinsa, ya tuna bakunan da ke jiransa a gida. In tasa ta karye, wa zai bi kwazazzaban? A bayansa kuwa mutanensa sun fara yi masa kirari, suna cewa ƙafa ba ta san ƙasa ba. Ya hau. Daidai inda yaron ya zame, tayarsa ta baya ta murza yashi ta tsaya. Keken ya karkata wajen ramin, yana rawa a ƙarƙashinsa. Ya damƙe birki. Yana jin in ya yunƙura wataƙila ya haye, wataƙila kuma ya bi yaron. Sai ya sauke ƙafar hagu, ya dasa ta a kan dutsen.

Kirari ya ɗauke ɗif. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Alƙali ko a jikinsa, yatsa ɗaya tak ya ɗaga. Mai burodi ya gyara keken, ya taka, ya fita ta mafitar wurin. Yana fitowa wata tsohuwa daga ƙauyen ƙarshe ta ce, "Ashe dai ƙafar tana taɓa ƙasa." Aka yi dariya, kuma dariyar ta yi masa ciwo ƙwarai. Bai zo na ɗaya ba, sunan nan da ya yi na rashin sa ƙafa a ƙasa kuwa ranar aka binne shi.

Amma washegari da sassafe, sa'ad da saurayin nan yake kwance da karan ɗori a kafaɗa, tsohuwar ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gidanta. Ta fito ta karɓi burodinta da ɗuminsa, daga hannun mutumin da ta yi wa dariya, yana zaune daram a kan kekensa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.