Dokar Asabar

Ina cikin goge doka ta ɗaya sai sunan Talha ya haska a kwamfuta. Talha, abokin wasanmu da muka binne kwana arba'in da suka wuce.

Ni ke rubuta dokokin ƙungiyarmu ta wasan yaƙi a intanet, a wani kafe, shagon kwamfutoci, a Azare. Ta ɗaya ta ce duk wanda ya makara zuwa gasar Asabar a kore shi. Ranar Asabar babur ya kayar da Talha a hanyar Jama'are, yana tahowa gasar.

Saƙo ya shigo da sunansa: "Gali, kar ka goge."

Addu'a ta ƙi fitowa.

Wani saƙon ya biyo baya: "Juyo."

Da ƙyar na waiwaya. Yayar Talha, Zuliha, ce zaune a kwamfutar bayana.

"Yaya, wallahi kin tsorata ni!"

Ba ta yi murmushi ba. Ta ɗago wayarsa mai fasasshen gilashi.

"A gida an ɗauka birki ne ya tsinke. Baba bai ga saƙonka ba tukuna: 'Saura minti goma, ka iso ko in kore ka.' Kai za ka karanta masa, ko ni?"