Kwamfutar da Ta Ƙi Magana

Gyara zama ka ji misali, tunda na lura kai ma tambaya nauyi take yi maka a baki.

An yi wani mai gyaran kwamfuta, tun waya ba ta shiga hannun kowa ba. Ya iya aikinsa, amma gara masa zazzaɓi da a ji ya ce bai sani ba. Ya cire manhajar da ake saya da kuɗi daga kwamfutarsa ya zuba ta kyauta, irin wadda mutanen ƙasashe ke haɗuwa su gina kamar aikin gayya, ya bi abokan sana'a yana cika baki. Komai ya tashi ban da murya. Akwai wani ɗan kati a cikinta, shi ne maƙogwaronta, shi ya yi gum. A lokacin uwarsa na kwance, ciwo ya ci ƙarfinta. Tana da 'ya da ke aure a Sudan, sun rabu baram-baram, har uwar ta rantse ba za ta yafe ba sai ta ji neman gafara da kunnenta. 'Yar ba ta da halin zuwa, sai ta ɗauki kanta a faifai ta aiko ta hannun wani farke. Aka saka faifan a kwamfutar, aka ajiye ta kusa da kan tsohuwa. Ga 'yar tana hawaye, leɓe na motsi, amma ko tari ba a ji. Tsohuwa ta zuba ido ta ce, "Roƙona take, ko zagina?"

Masu gayyar nan suna da zaurensu a intanet, duk wanda ya yi sallama da matsala za a amsa masa. Matarsa ta ce ya tambaye su, ko kuwa ya kai faifan shagon maƙwabci a saka. Ya ce shi ake tambaya a garin nan, kuma ba zai ba maƙwabci abin dariya ba. Ya kwance kwamfutar, ya zare katin ya goge ya mayar. Ya sayo wani. Ya sauke manhajar ya sake zubawa. Kullum sai ya ce wa uwar gobe, har ranar da aka fita da ita a makara. Da aka share makoki, sai ya ɓoye sunansa ya rubuta tambaya a zauren. Kafin shayinsa ya huce wani ya amsa, ya ce ai manhajar da muryarta a kulle take zuwa don kada ta fasa lasifika, ya buɗe wuri kaza ya danna harafi ɗaya. Ya danna. Muryar ƙanwarsa ta cika ɗakin, shi kaɗai ne a ciki: "Inna, don Allah ki yafe mini."

Har yau ƙanwar tana aiko tambaya ko Inna ta ji, ko ta yafe. Bai ba ta amsa ba.

Da gaskiyar mutanen da, da suka ce girman kai rawanin tsiya.