Sunan Ɗan Fari

Cikin dare Tasalla ta ji wani kuka kamar na gyare a ƙarƙashin gado. Asusun marigayi mijinta ne, irin ɗan akwatin ƙarfen nan da dukiyar kowa ta koma ciki tun shekarar da aka soke kuɗin takarda. Yana gargaɗi ne cewa gwaji ɗaya ya rage mata, daga nan ya kulle har abada.

Da safe maƙwabciyarta Lantana ta same ta tana zaginsa.

"Ɗan banzan ƙarfe! Wai Malam ya kulle shi da sunan ɗanmu na fari, kuma sai da muryata zai buɗe. Na ce Babangida, ya ƙi. Na ce yaron nan, ya ƙi!"

"Inna, ɗan naki Zubairu fa na kwance a asibiti, sun ce babu aiki sai an biya yau."

"Shekara arba'in ban kama sunan nan ba. Yanzu gwangwani ne zai koya mini rashin kunya?"

Ta daɗe tana huci. Can ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kai baki dab da akwatin, ta faɗa a hankali.

Asusun ya buɗe. Sai ya shiga kiran sunan da ƙarfi, da muryarta sak, har ana ji a ƙofar gida. Ta danne shi da matashi, bai daina ba.

Malam Tukur mai gyaran keke ya yi sallama daga zaure.

"Lafiya, Inna? Wace ce ke ta kiran Zubairu haka?"