Warin Daddawa a Littafina

Ina aji biyar, a ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari, wani malami da aka turo mana daga birni ya ce kowa ya ƙago labari. Wanda ya fi kyau za a karanta a gaban aji. Na rubuta labarin wata mata mai yin daddawa, domin sana'ar Inna ke nan. Na sa yadda take dafa kalwa, ta surfa, ta rufe a ƙwarya har kwana uku, ba ta yarda kowa ya leƙa.

Bayan azahar malamin ya ɗaga littafina da yatsu biyu, ya toshe hanci.

"Kai ɗan mai daddawa, har takardar wari take! Wa za ya karanta wannan? Labari ai na jirgin ruwa ne da manyan birane."

Aka kwashe da dariya. Ya karanta labarin jirgin ruwa na Sani, wani ɗan ajinmu, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin garinmu ba. Na koma gida na ƙi gaishe da Inna.

Yau na zaga ƙasashe, na karanta marubutansu cikin harsunansu. A Faransa na ga mutum ya cika shafuka yana yabon cukun kakarsa, wanda ya fi daddawa ɗoyi, ana kuma kiran mutumin gwani.

Har yanzu in na tuna malamin nan sai in yi tsaki. A yammacin ranar da ya toshe hancin nan, matarsa ta aiko gidanmu neman daddawar miya. Ni na kai mata.