Sunayen da Kwantena Ta Tafi da Su

Ta tada sabuwar kwantenar a kwamfuta, allon ya fito fari fat. Babu ko suna ɗaya.

Wata biyu ke nan da ta girka wa kwamfutarta wata manhaja da ke killace kowane shiri a cikin akwatinsa, wato kwantena. A ciki ta buɗe rumbun tarihin gidansu. Kullum bayan la'asar Baba yana kwance yana jero kakanni, tun daga fataken da suka taso daga Kano har suka yada zango a garin Garwa, ita kuwa tana bugawa. Abu ɗaya ta tsallake: ba ta haɗa akwatin da ma'ajiyar waje ba. Yau da ta goge tsohon don ta ɗora sabo, sai ya tafi da duk abin da ke cikinsa.

Jiya aka yi sadakar bakwan Baba.

Ta sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta durƙusa.

"Inna, na zubar da maganar Baba. Duka."

"Daga ina ya fara miki?"

"Daga mai shunin da ya haye kogin Binuwai."

Inna ta ture faifan gefe. "Shekara arba'in ina jin wannan lissafi, ko ina so ko ba na so. Ɗauko abar taki."

Inna ta fara jero sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da matan da Baba bai taɓa ambata ba.