Wanda Ya Zana Shi Zai Sha

A gidan Likita Doan da ke Nagoya doka ɗaya ce: wanda ya zana tsiro, shi zai fara shan sa.

Kafin hoto ya shiga littafin magunguna, sai an sassaƙa shi a katako, a buga takarda guda, a ba wanda bai san tsiron ba ya hau dutse ya nemo shi da hoton kaɗai. Abin da ya kawo shi za a dafa wa mai zanen. Kanbei, mai zanen gidan, ya tsufa yana shan irin wannan ruwa.

Tsiron da ya zana a wannan karon maganin zazzaɓi ne, amma yana da ɗan'uwa a daji mai kama da shi sak, wanda ke tsayar da numfashi. Siririn gashi ne ya raba su: karan na magani yana da shi, na dafi kuwa sumul yake. Kanbei ya yi damina guda a tsugune gaban tsiron a lambunsa. Duk lokacin da ya zana gashin, sai karan ya fito kamar ƙafar kyankyaso. A ƙarshe ya ja layi ɗaya mai tsabta, ya bar shi haka ba gashi. Masassaƙi ya yaba. Likita ma, da idonsa ya yi rauni, ya yaba.

Da hantsi Mosuke mai gawayi, wanda aka aika da hoton, ya sauko daga dutse da kwandonsa, ya miƙa damin ganye a ɗaure.

"Malam Kanbei, ga ajalinka na kawo," in ji shi yana dariya. "In ta faru, takalman nan ni zan gada, kowa ya shaida."

"Sun fi ƙarfin ƙafarka. Kawo in wanke ƙasar da kaina."

Kanbei ya zagaya rijiyar bayan gida. Ya ɗan daɗe kafin ya dawo ya zuba ganyen a tukunya.

Ruwan ya yi kore, ɗacinsa ya cika ɗakin. Kanbei ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu ya shanye. Likita ya riƙe wuyan hannunsa yana jin jijiya, Mosuke kuwa ya daina raha, ya ƙura masa ido ko ƙiftawa ba ya yi. Inuwa ta bar bakin ƙofa ta kai gindin bango.

"Lafiyarka ƙalau," in ji Likita. "Hoton ya shiga littafi."

Mosuke ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma, ya suri kwandonsa ya fice. Shinkafar da aka zubo masa ma bai taɓa ba.

Sai da Kanbei ya huta, ya sha shayi, sannan ya tambaya, "Wai ina mai gawayin nan ya nufa da sauri haka?"

"Bawan Allah, matarsa ce kwance da zazzaɓi," in ji Likita yana kurkure ƙoƙon. "Rabin abin da ya tsinko yana cikin kwandonsa. Jira yake ya ga ka sha tukuna. Yanzu kam ya daɗe da haye kogi."

Kanbei ya sa yatsu cikin faffaɗan hannun rigarsa, ya shafa damin Mosuke da ya ɓoye a ciki tun a bakin rijiya, kowane kara sumul, domin ganyen da ya sha ɗazu daga lambunsa ya tsinko shi da safe.